Ƙugiyar da Asu Ya Rage

Asu ne ya jawo komai. Na manta ban zuba kafur a akwatin Baba ba, ran wata Asabar a ƙarshen Janairu na buɗe shi, sai na tarar da ƙugiyoyi tsirara a jere, da wani gari-gari a ƙasan akwatin. Guda goma sha ɗaya muka gada na irin da ake kira Toka. Asu ya cinye goma ya bar mana ɗaya, ita ma don tana naɗe cikin takarda ne.

Mu a bakin kogin Spey, in an yi wa ƙugiya sutura da ulu da zaren azurfa da gashin tsuntsu don a jefa wa kifin salmon, ƙuda muke ce mata, ko da yake ban taɓa ganin ƙudan da ya yi kama da ita ba. Sana'ata ke nan tun ina 'yar shekara sha bakwai, ga shi yanzu na ba hamsin baya. Babana Hector Gow ne ya koya mini, a kan yatsu, ba da maƙalen ƙarfe irin na 'yan zamani ba. Komai ya koya mini ban da Toka. Ita a ɗakin baya yake yinta, ƙofa a rufe. In na tambaya sai ya ce, "Baɗi, Effie." Da baɗin nan ya tafi kabari, shekara goma sha biyu ke nan.

Kada ku ɗauka ban gwada ba. Na ajiye ta Baba a gabana na kwaikwaya ya fi sau ɗari: ulu ruwan toka, zaren azurfa, dogon gashin zalɓe a naɗe a jiki, sai fiffike biyu na gashin agwagwar ruwa a kwance a gadon baya. A kan tebur ba mai bambanta tawa da tasa. A cikin ruwa ne asirina yake tonuwa. Gashin tawa yakan manne da ƙugiya ya yi laƙwas, na tasa kuwa ya riƙa buɗewa yana rufewa, kifi ya taso daga ƙasa ya cafke. Abin nan ya tsaya mini a rai, har in ina wanke-wanke shi nake tunani. Na tambayi tsofaffin masu kamun kifi daga nan har bakin teku, na rubuta wa wani mai shagon gashi a Aberdeen wasiƙa har uku, kowa ya ba ni tatsuniyarsa.

Yayana Lachie ya shigo da hantsi ya iske ni zaune da akwatin. Shi gili ne, aikinsa raka baƙi kogi ya nuna musu inda kifi yake kwance, aikin da ya gada daga Baba har da girman kan. Ya dubi ƙugiyoyin, ya dube ni.

"Kafur ya yi tsada ne a garin nan?"

"Na manta."

"Kin manta. To, ba ni waccan kafin ki manta ki dama shayi da ita."

"Ka kai ta ina?"

"Gilashi zan sa ta. Na sa an yi mata katako tun bara, har da sunan Baba a jikin tagulla. A bukkar masu kamun kifi za a rataye ta, inda asu ba shi da 'yar'uwa mai buɗe masa ƙofa."

Na ce, "In ka kulle ta a gilashi, Toka ta mutu ke nan. Bari in farke ta in ga abin da ke ciki."

Kunnuwansa suka yi ja. "Ki farke ta?"

"Ba wata hanya, Lachie. Na gama da wajenta."

"In kin farke kika tarar da ulu da zare fa? Sai ki ɗinke mana ita? Shekara sha biyu kina yin gawa kina ba ni in jefa a ruwa, yanzu kuma mai ran za ki kashe. Abu ɗaya ke nan da ya rage wanda hannunsa ya taɓa." Ya ɗauki hularsa. "Zan je Grantown in karɓo gilashin. Ƙarfe uku ina nan. In same ta yadda na bar ta."

Yana fita ya leƙa kicin ya gaida Mam, mahaifiyarmu, wadda take zaune a wurina tun rasuwar Baba. Na ji tana tambayarsa me ya haɗa mu, ya ce mata ba komai, 'yarki ce take so ta zama likita.

Gaskiyarsa ce, shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Ƙudan da aka farke ba ya komawa yadda yake. Gashi mai shekara sha biyu a bushe yake, kan ƙugiyar kuma an shafe shi da fenti mai ƙarfi, sai an yanka. In na farke ban gano komai ba, na raba mu da ita a banza, kuma Lachie mutum ne mai iya yin shekara bai ce maka ci kanka ba. Na mayar da ita cikin takardarta na ture gefe. Na ɗauko aikin da ke jirana, wasu ƙudaje dozin biyu na buɗe kakar kamun kifi, na fara haɗa gashin agwagwa dama da hagu, don fiffiken ƙuda sai an yanko ɓari ɗaya daga gashin dama na tsuntsun, ɗaya daga na hagu, in ba haka ba ƙugiyar ta riƙa juyi a ruwa. Na haɗa uku, na ga duk na dama na haɗa da na dama. Na ajiye. Ƙarfe sha ɗaya da rabi na ɗauko reza.

Na jawo tebur jikin tagar arewa, inda haske ba ya yaudara. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na jera ƙananan faranti shida, na ɗauko gilashin ƙara girma da matsefata da allura, da fensir don in rubuta kowane naɗi. Na tashi na sha ruwa. Sannan na ɗora reza a kan ƙugiyar na danna, fentin ya yi ƙas ya tsage.

Fiffiken ne ya fara zamewa. Na duba shi ciki da waje: gashin agwagwar ruwa ne, dama da hagu, irin wanda ke cike da kwalina. Faranti na ɗaya bai gaya mini komai ba. Zaren azurfa ya biyo, naɗi biyar, a karkace ta baya. Wannan mun daɗe da saninsa don daga waje ma ana gani, kullum muna cewa dabarar Baba ce, na kuma kwaikwaye ta kifi bai ko kalle ni ba. Faranti biyu ke nan ban gano komai ba.

A gashin zalɓe na fara cin karo da abin da ban sani ba. An tsige ɓari ɗaya an bar ɗaya, yadda muke yi. Amma ƙashin gashin, wanda ya kamata ya zama zagayayye, a baje yake tun daga tushe har sama, da wasu ƙananan ramuka a jere kamar gindin fensir ɗin ɗan makaranta. Na juya shi a ƙarƙashin gilashi na fi minti goma. Guduma za ta farfasa shi. Bayan wuƙa zai bar santsi ne, ba ramuka ba. Na ɗauko sabon gashi na gwada da farce, na gwada da matsefata, babu wanda ya yi irinsa. Na rubuta a takarda, "Da me?", na ja masa layi biyu.

Ulun ya warware ba gardama. Saura farin zaren siliki na can ƙasa, wanda ake fara naɗa wa ƙugiya kafin komai, wanda ba mai gani daga ranar da aka rufe shi. Na riƙe ƙugiyar da hagu yadda na saba, na kama bakin zaren da dama, na juya don in kwance. Sai na ga ina ƙara naɗi ne. Na tsaya, na sake, haka dai. Sai da na juya hannuna ta inda bai saba ba zaren ya fara fita.

Na daɗe a zaune da bakin zaren a yatsuna. Zaren azurfa mutum yana iya karkata shi da gangan don ado ko don ƙarfi. Zaren ƙasa ba mai yi masa dabara, hannu ne kawai yake bin hanyarsa. Wanda ya naɗa wannan ya riƙe ƙugiya da dama ne ya yi naɗi da hagu. Baba kuwa na zauna a gefensa shekara ashirin da biyu, da hagunsa ko maɓallin riga ba ya iya sawa. Na fara lissafin bahagwai a ƙauyenmu. Tsohon Dougal mai kwale-kwale bahago ne, amma yatsunsa uku ne. Akwai wani maƙeri, shi kuwa ya koma Kanada tun kafin a haife ni. Ina cikin wannan lissafi na ji ƙarar wuƙa a kan kwano daga kicin, sai na ajiye zaren na tashi.

Mam tana zaune kusa da murhu tana feraye dankali a hankali, don sanyin ƙashi ya tanƙware mata yatsu. Shekararta tamanin da uku. Da dama take rubutu, malamar makarantarsu ta tabbatar da haka da bulala. Wuƙar kuwa tana hagunta, inda na saba ganinta tun ina rarrafe. Sai a lokacin na tuna cewa duk ranar da Baba ya rufe ɗakin baya, Mam takan kai masa shayi, kuma shayin nan yakan ɗauki awa biyu.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Kin farke ta."

"Na farke."

"Lachie zai ci ki ɗanya. Me kika gani?"

"Zaren ƙasa na bahago ne, Mam."

Ta gama feraye wanda ke hannunta, ta jefa a ruwa, ta ɗauki wani. "Naɗi nawa kika ƙirga a wuya?"

"Bakwai."

"Shida ya kamata. Ranar nan ina sauri ne, miya tana kan wuta."

Na jawo kujera na zauna. Dariya ta zo mini, kuka ya zo mini, na rasa wanda zan fara. Na ce, "To shi Baba me yake yi a ɗakin?"

"Yana shan shayinsa. Yana goga mini kakin zuma a zare, wannan kam ya iya. Wani lokaci ya karanta mini jarida." Ta share hannu da ƙyalle. "Kar ki raina shi, yarinya. Shi ya san inda za a jefa ta. Ni ban taɓa kama kifi ba, ba na ma son warinsa."

"Ramukan da ke jikin ƙashin gashin fa?"

Ta buɗe baki ta nuna mini dasashinta. "Waɗanda suka yi su suna wurin likitan haƙori a Elgin, in bai zubar ba."

Ashe turara gashin take yi a bakin butar shayi har ya yi laushi, sannan ta ja ƙashinsa a tsakanin haƙoranta na gaba, tana ɗan ciza tana ja. In ya baje sai ya kwanta a jikin ƙugiya, kowane silin gashi ya miƙe ya tsaya da ƙafarsa. Ta ce ba wanda ya koya mata. Ranar farko almakashinta ne ya ɓata, ga Lachie a cinya yana tsala ihu, ta sa haƙori don ta tsinke gashin, sai ta ga ya yi kyau. Baba ya jefa ƙugiyar a ruwa washegari ya kama uku, wani baƙo ɗan Landan ya tambaye shi wa ya ɗaura, ya ce shi ne.

"Kika yi shiru?"

"Me zan ce? Baƙon nan ne ya sa aka ba shi aikin gili. Kina ganin zai sa ƙudan matar gida a igiyarsa, wanda aka tauna da baki? Da dare ubanku ya zo yana sosa ƙeya, na ce masa ya bar shi haka."

Ƙarfe uku saura kwata muka ji motar Lachie. Ya shigo rungume da gilashinsa a cikin jarida, ya wuce kai tsaye ɗakin aikina. Ya fito da faranti ɗaya a hannu, ƙugiyar tana ciki tsirara, fuskarsa ta yi fari fat. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Na roƙe ki, Effie."

Mam ta ce, "Zauna, Lachlan."

"Mam, ba ki san abin da ta—"

"Na ce ka zauna. Kayana ta farke, ni kuma ban kai ƙara wurinka ba."

Ni na ba shi labarin, don Mam ta koma kan dankalinta. Na kawo masa zaren da takardata, na sa shi ya riƙe ƙugiyar ya gwada naɗi da dama ya ga inda yake karkata. Ya gwada sau biyu. Ya dubi hannun Mam da wuƙar, ya daɗe yana kallo.

Can ya ce, "Awa biyun nan na shayi… ni fa wani abu daban na ɗauka kuke yi."

"Da shi muke yi da kun fi ku biyu," in ji Mam.

Lachie ya yi dariya har ya share ido da bayan hannu, amma na san ba duka ba ne na dariya. Ya warware jaridar ya kalli sunan Baba a jikin tagullar, ya mayar ya naɗe, ya ajiye a ƙarƙashin kujera. Ya ce, "To yanzu ba mu da ko ɗaya. Za ki iya ɗaura wata?"

Ta ɗaga masa hannayenta biyu. Babban yatsa ya lanƙwashe ya shige tafi, sauran sun karkace waje guda. "Da waɗanne?"

Muka kwashe dankalin daga teburin kicin, na kawo kayan aiki, Lachie ya ɗora buta. Na zaɓo gashin zalɓe mafi tsawo cikin waɗanda nake tsintowa a gindin bishiyoyin da suke sheƙa, na turara shi, na tsige ɓari ɗaya. Na sa a baki na ciza, ya karye. Na biyu ma ya karye. Mam ta ce, "Ba nama ba ne, yarinya. Riƙe shi za ki yi da haƙori, hannu ne mai aikin." Na uku ya fito a baje da ramukansa, na ɗora shi kusa da tsohon, Lachie ya karɓi gilashin ƙara girma ya duba ya gyaɗa kai.

Na tambaye ta ko dole ne sai da hagu. Ta ce ita ba ta san abin da kifi yake so a ciki ba, haƙorin ne ko hagun ko duka biyun, abin da take yi kawai ta sani. Don haka na mayar da ƙugiya hannun dama na kama zare da hagu, ni da na yi shekara talatin da huɗu ina wannan aiki, na koma ina zufa a kan naɗin farko. Ta riƙa faɗa ina yi: zare, azurfa, ulu, kar ki matse. Da muka zo inda za a kama tushen gashin sai ta tsaya.

"Sai me, Mam?"

Ta kalli ƙugiyar, ta kalli taga. "Ban san yadda zan faɗa ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, yi kawai nake."

Lachie ya daina juya shayinsa. Na ce mata ba komai, ta huta, mu sake gobe, ko da yake na san goben ba za ta ƙara mata kalma ko ɗaya ba. Sai ta ce wa Lachie ya matso da kujerarta. Ya ɗauke ta da kujerar gaba ɗaya ya ajiye a bayan kafaɗata ta hagu. Ta miƙo hannu ta ɗora a kan nawa, ta rufe ido. Yatsunta ba sa iya kama zare, amma wuyan hannunta bai manta ba. Ta tura ni ƙasa kaɗan, ta murɗa, ta dawo da ni ta ƙarƙashin ƙugiyar ta wata hanya da ban taɓa bi ba, gashin ya kama, silinsa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya.

Ban iya ɗaga kai ba. Na ce, "Mam, Baba ya rasu shekara sha biyu. Kina ganina ina wahala. Me ya hana ki faɗa?"

"Kin tambayi Dougal," in ji ta, hannunta yana kan nawa. "Kin tambayi mai gadin daji. Kin rubuta Aberdeen sau uku, ni na kai miki wasiƙun gidan waya lokacin ina iya tafiya. Kowace safiya ina ce wa kaina, yau ɗayansu zai juyo ya ce, Mam, ko kin san wani abu?"

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Lachie ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa.

Ta ɗan matsa hannuna. "Kin saki zaren. Ɗauko shi, haske yana tafiya."